ROKAR DA TA KE KOMOWA GIDA DA ƘAFAFUNTA

Laccar da akawun reshe ya karanta wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa

Iyayenmu dattawa, shugabannin kasuwa, mata da samari, muna gode muku da kuka bar rumfunanku kuka zo. Mun sani wanda ya fito daga Riruwai ko Doguwa sai da ya keto dajin Falgore kafin ya iso, sabo da haka ba za mu ɓata muku yini ba.

Asalin wannan lacca gardama ce. Ran kasuwar Tudun Wada muna zaune a rumfar wani Alhaji mai shinkafa, sai wani yaro ya miƙo wayarsa. Ga hoton wani dogon ƙarfe yana saukowa daga sama da wuta a ƙarƙashinsa, ya buɗe ƙafafu huɗu, ya tsaya cak sai ka ce shuka shi aka yi. Alhaji ya ce ƙarya ce, tashinsa aka ɗauka aka juya da baya, irin wasan 'yan majigi. Yaro ya rantse gaskiya ne. Har aka sa goro a tsakani, aka ce tun da mu ke riƙe da alƙalami, mu je mu bincika mu kawo bayani. To, mun bincika. Alhaji, ka yi haƙuri, yaro ya fi ka gaskiya. Amma fa shakkarka ba ta wauta ba ce, gama shekara da shekaru manyan injiniyoyin duniya suna cewa ko abin ya yiwu, ba zai biya kuɗinsa ba.

Bari mu fara da abin da yawancin yaranmu ba su sani ba. Kano ba baƙuwa ba ce a sha'anin sararin sama. A farkon shekarun 1960 Amurkawa suka kafa tashoshi kewaye da duniya domin su riƙa magana da mutanen da su ke harbawa sama, ɗaya kuwa a Kano aka kafa ta. Ran 20 ga Fabrairu, 1962, wani soja mai suna John Glenn ya kewaya duniya sau 3 cikin kumbonsa. Da ya zo bisa kanmu ya gaya wa ma'aikatan tashar Kano yana hangen ƙura ta tashi a ƙasa, suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska tana kaɗawa da ƙarfi. Mu da mu ke shan hazon Fabrairu ko wace shekara, ba sai an hau sama an gaya mana ba. Glenn ya komo lafiya. Amma rokar da ta ɗaga shi, wadda a ke kira Atlas, tafiya ɗaya ta yi, shi ke nan. Haka al'adar ta ke a Amurka, haka a Rasha, haka a Sin da Turai.

Ku 'yan kasuwa, ku auna wannan da hankalinku. Mutum ya sayi sabuwar tirela, ya yi lodin masara a Doguwa, ya kai Dawanau, aka sauke, sa'an nan ya cinna wa motar wuta. Gobe ya sake sayen wata. Nawa za a sayar da kwanon masara? Ga kuma abin takaici: mai ba shi ne tsadar ba. Elon Musk, mai kamfanin SpaceX, wanda rokarsa ce yaro ya nuna, ya sha faɗin cewa man tafiya guda bai wuce dala 200,000 da 'yan kai ba, alhali kuwa kuɗin tafiyar ya kai dala miliyan 60. Watau cikin ko wace naira, ko kwabo ɗaya mai bai ci ba. Galibin kuɗin na motar da a ke ƙonawa ne.

Me ya sa masu ilmi suka yarda da wannan ɓarna? Tilas ce ta sa. Kafin abu ya zauna a sama yana kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba, sai gudunsa ya kai wajen kilomita 28,000 cikin awa guda. Da irin wannan gudu, Kano zuwa Ikko minti 2 ne. Sa'an nan ko wane maƙeri ya san wuta ba ta ci sai da iska, shi ya sa ya ke da zuga-zugi. Can sama babu iska, sabo da haka roka ita ke ɗaukar iskarta. Iskar oksijin ce, irin wadda a ke sa wa marar lafiya a asibiti, an sanyaya ta har ta zama ruwa. Man kuwa kananzir ne da aka tace ƙwarai, ɗan'uwan na fitilunmu. Rokar nan, sunanta Falcon 9, tsawonta mita 70, nauyinta sa'ad da za ta tashi wajen tan 549, watau lodin tirela 18. Fiye da kashi 9 cikin 10 na wannan nauyi mai ne da iska. Kayan da a ke biyan kuɗi dominsu ba su wuce kashi 4 cikin 100 ba. To, in ka ce za ka ƙara mata ƙafafu, ka rage mata man komowa, daga ina za a cire nauyin? Daga cikin ɗan kayan nan za a cire.

Roka hawa biyu ce. Mu za mu kira na ƙasa uwa, na sama 'ya, domin goyo ne sosai. Uwar ita ce babba, tsawonta ya haura mita 40, tana da inji 9, kuma ita ta cinye fiye da rabin kuɗin ƙirar. Tana ɗaukar 'yar har wajen minti 2 da rabi. A lokacin sun yi sama kamar kilomita 70, ku ce an ɗauki hanyar Kano zuwa Kwanar Dangora an tsai da ita a tsaye. Nan ta ke kwance goyo. 'Yar ta kunna injinta guda ta wuce da kaya, uwar kuwa a da sai ta faɗa teku ta farfashe.

Amurkawa sun taɓa gwada wata dabara tsakanin 1981 da 2011, da kumbon nan mai fukafukai wanda ya yi tafiya 135. Manyan rokoki biyu na gefensa da lema su ke sauka cikin teku, jirgin ruwa ya je ya jawo su. Amma wanda ya taɓa ganin abin da gishiri ke yi wa kwanon rufin rumfa ya san sauran labarin. Sai an warware su gunduwa-gunduwa, an wanke, an sake haɗawa, har kuɗin gyara ya yi kusa da na sabuwa. Daga nan mutane da yawa suka yanke ƙauna.

Yanzu ku ba mu kunnuwanku, ga yadda uwar Falcon ta ke komowa.

Sa'ad da ta saki 'yar, tana gudun kilomita 6,000 zuwa 8,000 cikin awa, kanta yana gaba. Abu na fari, sai ta juya. Babu iskar da za ta dogara da ita, sabo da haka akwai 'yan ƙananan bututu kusa da kanta masu fesa matsattsiyar iska mai sanyi, fus, fus, har ta wuntsila injinan suka koma gaba. In kayan ba su da nauyi, akwai sauran mai, sai ta sake kunna inji ta karya gudunta ta nufo gaɓar da ta taso. In kuwa kayan masu nauyi ne, man bai isa komowa gida ba, sai a aika mata da masauki: wani faffaɗan jirgin ruwa marar matuƙi a ciki, mai shimfiɗaɗɗen baya kamar filin ƙwallo, yana jiranta cikin Tekun Atalantika, wani lokaci kilomita 600 daga gaɓa.

Sake kunna injin nan ma ba wasa ba ne. Matan da ke ɗauko ruwa sun sani, tulun da ya cika ba ya wahal da kai, rabin tulu shi ke tambal-tambal. Uwar ta kusa zama fanko, kuma a sama babu nauyin da zai kwantar da ɗan sauran man a gindin tanki inda bututu zai zuƙa. A Satumban 2013 kamfanin ya ga wannan matsala da idonsa: uwar ta kama juyawa kamar mazari, man ya manne a bangon tanki, inji ya sha iska ya mutu, ta faɗa ruwa.

Daga nan sai shiga iska. Abin da ya faɗo da wannan gudu, iska ta kan zame masa kamar bango, ga zafi mai narkar da ƙarfe, jikin uwar kuwa sirara ne kamar gwangwani in aka gwada da girmanta. Sai ta kunna inji 3 tana fuskantar inda ta ke faɗawa. Wutar tana rage gudu, tana kuma ture zazzafar iskar gefe, ta zama garkuwa. Watau da wuta ta ke kare kanta daga wuta. Tana ratsa hayaƙin kananzir ɗinta, shi ya sa ku ke ganinta baƙi ƙirin da kunkunniya kamar tukunyar da ta daɗe a murhu. In kun ga fara fat, sabuwa ce.

Sa'an nan tuƙi. A can saman uwar akwai wasu fukafukai huɗu masu huda-huda, kamar rariya. Lokacin tashi a naɗe su ke, wajen komowa su buɗe. Iska tana bi ta cikin hudojin, in aka karkata su kaɗan sai uwar duka ta karkata. Na farko da aka yi da alminiyam har wuta su kan kama, daga 2017 aka koma yin su da wani ƙarfe mai jimirin zafi, titaniyam. Babu mutum a ciki, babu kuma wanda ke riƙe da sitiyari a ƙasa. Kwamfuta ce a cikinta, tana karɓar labarin inda ta ke daga taurarin nan masu nuna hanya a wayoyinku, tana lissafi tana sakewa ba hutawa: ga inda na ke, ga guduna, ga sauran maina, ta wace hanya zan isa da mafi ƙarancin ɓarna?

Wurin da hankalinmu ya fi tsayawa shi ne daƙiƙa 30 na ƙarshe. Tana faɗowa da gudu kusan na jirgin saman fasinja, sai ta kunna inji guda na tsakiya. Injin nan yana motsi hagu da dama bisa wuyansa. Ku ɗauki taɓarya ku tsai da ita a tafin hannu: in ta karkata gabas, sai hannu ya bi ta gabas da sauri. Aikin injin ke nan, sai dai wannan taɓarya ta fi bene mai hawa 12 tsawo. Ga kuma babbar wahala. Inji guda yana iya ɗaga tan 80 da ɗoriya, uwar kuwa yanzu ba ta wuce tan 25 ko kusa da haka ba. Ko an rage wutar iyakar ragewa, ƙarfinta ya fi nauyin uwar. Sabo da haka ba ta iya tsayawa a iska ta yi shawagi kamar shirwa tana duba wuri. In ta tsaya ba ta taɓa ƙasa ba, sama za ta koma. In ta makara, ta daki ƙasa. Tilas gudunta ya ƙare daidai sa'ad da ƙafafunta suka taɓa, ba gaba ba baya. Direbobi, ku ce motarku tana gangarowa da lodi, birkinta ba ya kamawa rabi-rabi, taku ɗaya gare ku, kuma sai kun tsaya daidai bakin rijiya. Ƙafafun nan huɗu ba su buɗewa sai saura 'yan daƙiƙu. Daga tashi zuwa sauka minti 8 ne zuwa 9. Mutanen gaɓar Fulorida su kan ji ƙara kamar aradu a lokacin, gama ta riga sautinta gudu.

Kada ku zaci dare ɗaya aka iya. A Janairu 2015 man da ke juya fukafukan nan, irin man birkin mota, ya ƙare saura kaɗan, ta daki jirgin ruwan a karkace ta fashe. A Afrilu na wannan shekara wani bawul ya yi nauyin motsi, ta sauka tana tangaɗi, ta kife. Ran 21 ga Disamba, 2015, aka yi sa'a ta fari, ta sauka a tudu a Fulorida bayan ta kai taurari 11. Wata guda bayan haka wata ta sauka lafiya bisa jirgin ruwa, ashe ƙafa ɗaya ba ta kulle ba, ta durƙusa a hankali kamar raƙumi, sa'an nan ta tashi da wuta. Ran 8 ga Afrilu, 2016, aka samu ta ruwa. Waccan uwa ita aka gyara aka sake harbawa ran 30 ga Maris, 2017, ranar da aka tabbata motar tana iya yin sawu na biyu. Dubi abubuwan da suka riƙa kā da su: mai ya ƙare, bawul ya cije, sakata ba ta shiga ba. Duk bakaniken da ke Kwanar Dangora ya san irin waɗannan.

Akwai hannun Nijeriya a cikin labarin, ko da ya ke ɗan ƙarami ne. Ran 3 ga Yuni, 2017, wata Falcon 9 ta tashi da kaya zuwa tashar sararin sama ta ƙasashen duniya. Cikin kayan akwai wani ɗan tauraro mai suna Nigeria EduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da hukumar sararin samaniya ta ƙasa suka yi tare da wata jami'a ta Japan. Ɗan akwati ne, santimita 10 ko wane gefe, bai kai kwanon masara nauyi ba. Tauraron farko na Gana ma yana cikin wannan lodi. Uwar da ta ɗauke su ta komo ta sauka a tudu, a Disamba ta sake yin wani sawu, daga baya aka kai ta birnin Hustan aka ajiye domin masu kallo. Sabo da haka, Alhaji, kayan ƙasarka ma sun taɓa hawa abin da ka ce majigi ne.

Daga nan abin ya zama jiki. A 2024 kamfanin ya yi harbi 134 da rokokin Falcon. A 2025 aka sami uwa guda da ta cika sawu 30, aka sami wadda ta sauka ta sake tashi cikin kwana 9, kuma jimlar saukar da aka yi lafiya ta haura 500.

Ba su tsaya nan ba. Sun ƙera wata uwa a jihar Tekzas wadda Falcon 'yar yarinya ce a gabanta. Sunanta Super Heavy, tsawonta mita 71, faɗinta mita 9, injinanta 33, tana shan iskar gas, dangin na girki, wanda ba ya barin kunkunniya cikin inji kamar kananzir. Nauyinta ba mai ya haura tan 200. Ƙafafun da za su ɗauki wannan su kansu kaya ne, sai injiniyoyi suka ce to, a bar ƙafafun a ƙasa mana. Aka gina hasumiya mai manyan hannuwa biyu na ƙarfe a wurin tashi. Ran 13 ga Oktoba, 2024, wajen minti 7 bayan ta tashi, ta komo ta zuro tsakanin hannuwan tana huci, suka rufe, ta rataya da wasu 'yan kunnuwa biyu da ke wuyanta, kamar yadda a ke rataye ƙwarya a maratayi. Mun kalli wannan hoto ya fi sau goma. An sake cafe ta a Janairu da Maris na 2025, amma a waɗannan tafiye-tafiye biyu 'yar da ta goya ta tarwatse a sama, tarkacen ya zuba wajen tsibiran Karibiyan. Wannan aiki da sauransa.

Wani attajirin kuma, Jeff Bezos, kamfaninsa Blue Origin ya ƙera tasa babbar roka ya sa mata suna New Glenn, sunan mutumin nan da ya hangi ƙurarmu. A Janairu 2025 uwar ta ɓace wajen komowa, ran 13 ga Nuwamba, 2025, ta sauka daram bisa jirgin ruwa. Mutanen Sin su ma sun gwada sau biyu a Disamba 2025, kayan sun isa sama, iyayen ba su sauka lafiya ba.

To, mu komo ga lissafin kasuwa, inda kuka fi mu sani. In aka ƙyale uwar Falcon ta ƙone manta duka ta mutu, tana kai tan 22.8 sama, ku ce buhun masara 228. In za ta komo bisa jirgin ruwa, wajen buhu 175 za ta ɗauka. An yi hasarar buhu 50 da 'yan kai, an tsira da mota. Babu ɗan kasuwar da zai yi gardama da wannan. Amma ku tambaye mu, kuɗin mota ya sauka? A 2016 kamfanin yana neman dala miliyan 62 a kan tafiya guda. A 2024 yana neman kusan miliyan 70. Gaskiya ne dala ita ma ta rage daraja a tsakanin, gaskiya ne kuma ya fi abokan gasarsa araha. Amma rangwamen da komowar uwa ta kawo, mafi yawansa yana aljihun mai ita. Kun san halin hanyar da mota ɗaya ke bi. Kusan kashi 2 cikin 3 na sawun da ya yi a 2024 ma kayan kansa ya ɗauka, watau taurarin Starlink masu ba da intanet, waɗanda suka fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, kafin ko wace ƙasa ta Afirka. Mai mota shi ne mai kaya, shi ne kuma mai rumfa. Inda talaka ya ɗan samu sauƙi shi ne lodin haɗaka: a Janairu 2021 roka guda ta kwashi ƙananan taurari 143 na mutane dabam-dabam, a kan dala miliyan 1 ga mai kilo 200.

Mu fa fasinja ne. Tauraronmu na fari, NigeriaSat-1, daga Rasha aka harba shi a Satumba 2003. Na sadarwa, NigComSat-1, daga ƙasar Sin a Mayu 2007, ya mutu a Nuwamba 2008 sabo da fukafukansa masu karɓar hasken rana sun lalace. Aka harba madadinsa ran 19 ga Disamba, 2011, an kuwa ƙera shi domin aikin shekara 15, ku yi lissafin da kanku. Dukansu rokoki masu tafiya ɗaya suka hau. Duk ran da aka zo sayen wani, da kuɗin jama'a za a biya kuɗin motar, kuma wakilanku suna da ikon tambaya: nawa aka biya, wa aka taya, wa ya fi araha?

Akwai kuma maganar wanda abin ke faɗowa a kansa, wannan ta manoma ce. Tashar da aka harba taurarinmu na sadarwa a Sin tana tsakiyar ƙasa, nesa da teku. Iyayen rokokin da ke tashi daga can a kan duwatsu da gonaki su ke zuba, wani lokaci kusa da gidajen ƙauyawa, da sauran mai mai guba a cikinsu. Kada ku ce nesa ne. A Mayu 2020 gangar jikin wata babbar rokar Sin ta komo ba linzami, wani bututu mai tsawon kusan mita 12 ya faɗa wani ƙauye a Kwaddibuwa, nan Afirka ta Yamma. Uwar da ke komowa da linzami dabam ta ke. Da gangan a ke saita ta ta nufi ruwa, sai kwamfuta ta tabbata kome lafiya sa'an nan ta karkato zuwa masauki. A Disamba 2018 famfon fukafukan wata Falcon ya cije, ta yi ta juyawa, ta sauka cikin teku kusa da gaɓa, ba ta taɓa gidan kowa ba. A Nuwamba 2024 aka ga hasumiyar Tekzas ba ta shirya ba, Super Heavy ta wuce ruwa. Amma kada mu wanke kamfanin tas: 'yar Falcon har yanzu yar da ita a ke yi ko wace tafiya, kuma a Fabrairu 2025 tarkacen wata ya zuba a ƙasar Folan.

Mutanen Riruwai, wannan taku ce. In kun kalli hoton 'yar bayan ta rabu da uwa, za ku ga bakin injinta, mai kama da babban mazurari a kife, ya yi ja wur kamar ƙarfe a maƙera, amma bai narke ba. Da gaurayen wani ƙarfe a ke yinsa mai suna niyobiyam. Daga cikin duwatsun da a ke samunsa akwai kolombayit, baƙin yashin nan da ke fitowa tare da kuza. A shekarun 1950 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da shi, yawanci daga Jos, Amurka kuwa tana saye tana tarawa. Duwatsun Riruwai suna da shi. Kakanninku suna narka kuza a nan tun Turawa ba su san hanyar Jos ba. Ba mu ce na Riruwai ne a jikin rokar ba, gama yau kusan kashi 9 cikin 10 na niyobiyam ɗin duniya daga Burazil ya ke fitowa. Abin da mu ke cewa shi ne irinsa ne ke ƙarƙashin ƙafafunku, kuma sashen da aka yi da shi, shi ne wanda ba ya komowa, ko wace tafiya sai an ƙera sabo. Yaran da ke haƙa a ramuka suna sayar wa dillali a kwano, yawancinsu ba wanda ya taɓa gaya musu inda irin wannan yashi ya ke ƙarewa, balle su san abin da za su taya.

Wanda ya ke so ya gani da idonsa, ba a waya ba, ya fita bayan gari bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da sama ta washe. Wani dare zai ga taurari a jere kamar ayarin fatake, suna tafiya shiru, su ɓace cikin 'yan mintoci. Sababbin taurarin Starlink ne da ba su riga sun watsu ba. Uwar da ta kai su ta riga ta sauka tun tuni, watakila ma ana wanke ta.

Alhaji, goron yaro ƙwarya ɗaya aka ce, mu ne shaidu. Mai tambaya ya ɗaga hannu, dattawa tukuna.